Giwa a Garin Wani Zomo Ce: Lambobi Shida da Ke Auna Ƙaramin Kamfanin Tsaro a Amurka

Tun farkon shekarar 2021 nake riƙe da littattafan kuɗi da takardun wani ƙaramin kamfani da ke bayan garin Dayton, a jihar Ohio ta Amurka. Mu goma sha ɗaya ne lokacin da na kama aiki. Abin da muke yi wata na'ura ce mai girman kwalin takalmi, wadda ke sauraren siginar rediyo a sararin sama, ta gane idan ƙaramin jirgi maras matuƙi ya doso, ta kuma nuna ta inda ya ɓullo. Soja ne ya fi kowa buƙatar irin wannan kaya, shi ya sa ma muke zaune a Dayton: sansanin sojan sama na Wright-Patterson yana nan kusa, kuma a cikinsa ne hedikwatar cibiyar binciken rundunar sojan saman Amurka take.

Wata Lahadi na kira gida Zariya. Bayan mun gaisa sai mahaifina ya ce, "Wai kai, sana'ar me kuke yi a wurin nan? Mutane suna tambayata, ban san abin da zan ce musu ba."

Na ce, "Baba, wata na'ura muke haɗawa mai gano jirage."

"To, ku maƙera ne ke nan."

"Ba sosai ba, Baba. Yawancinmu manhajar kwamfuta suke rubutawa. Wasu kuma bincike suke yi."

Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Allah ya yi albarka. Amma wanda bai iya faɗin sana'arsa a kalma ɗaya ba, ranar da mai karɓar haraji ya zo zai sha bayani."

Dariya na yi a ranar. Ban san gwamnatin Amurka ma tana da irin tambayar mahaifina ba, sai dai ita da lambobi shida take so a amsa mata. Sau uku tambayar nan ta kayar da ni, kuma faɗuwar ta uku ta ci aikin mutum biyu. Zan bayyana yadda tsarin yake, sannan in nuna wuraren da na yi tuntuɓe, ko wani ya tsallake su.

Asalin lambobin

Sunan tsarin NAICS, wato tsarin rarraba sana'o'i na Arewacin Amurka. Ƙasashe uku ne suka haɗu suka tsara shi, Amurka da Kanada da Meksiko, a lokacin da yarjejeniyar cinikinsu ta 1994 ta sa suna buƙatar alƙaluman da za a iya kwatantawa. An fara aiki da shi a 1997, ya maye gurbin wani tsohon tsari mai lambobi huɗu da ake kira SIC, wanda ya samo asali tun shekarun 1930. Ana yi masa kwaskwarima duk bayan shekara biyar: 2002, 2007, 2012, 2017, 2022. Domin ƙididdiga aka yi shi tun farko, don hukumar ƙidaya ta san yawan masana'antun ƙasa da abin da suke samarwa. Hukumomin kwangila aro suka yi, suka ɗora masa kayan da ba don su aka gina shi ba, kuma yawancin rikicin da zan ba da labarinsa daga nan ya taso.

Ana karanta lambar daga hagu zuwa dama kamar adireshi: gari, unguwa, layi, gida. Lambobi biyu na farko suna nuna ɗaya daga cikin manyan sassa ashirin na tattalin arziki. Daga 31 zuwa 33 sashen ƙere-ƙere ne, 54 kuma ayyukan ƙwararru na kimiyya da fasaha. Ɗauki 334511. Lambar 33 ta ce ƙira ake yi, 334 ta ce kwamfuta da kayan lantarki, 3345 ta ce na'urorin awo da na jagorar tafiya, cikakkiyar lambar kuma ta tsaya a kan na'urorin bincike da ganowa da jagorar jiragen sama da na ruwa, irin su radar.

Ginshiƙin tsarin shi ne hanyar da ake bi a yi aiki. Wanda zai sayi kayan ba ya cikin lissafi. Mai ɗinka kakin soja yana rukunin masu ɗinki, mai gasa wa bariki burodi yana rukunin masu burodi. Saboda haka babu wata lamba da ke nufin "kamfanin fasahar tsaro". Akwai 928110 mai ɗauke da sunan tsaron ƙasa, wadda ke jan idon sabon shiga, amma ta hukumomin gwamnati ce, kamar rundunonin soja su kansu.

Babu kuma ofishin da ke raba wa kamfanoni lamba. Duk mai son kwangilar gwamnatin tarayya sai ya yi rajista a shafin SAM.gov, a can ne zai zaɓa wa kansa babbar lamba guda, ya ƙara wasu iya son ransa, ya riƙa sabunta rajistar kowace shekara. Sauƙin abin ne ke sa mutum ya raina shi.

Yadda lamba ta zama mudu

A 1953 majalisar dokokin Amurka ta kafa hukumar kula da ƙananan kamfanoni, SBA. Doka ta ɗora wa gwamnatin tarayya burin ba ƙananan kamfanoni aƙalla kashi 23 cikin ɗari na kuɗin kwangilolin da take bayarwa kai tsaye. Akwai kuma abin da ake kira ƙa'idar biyu: idan jami'in kwangila yana da dalilin sa ran aƙalla ƙananan kamfanoni biyu za su kawo tayi a farashi mai kyau, sai ya keɓe musu kwangilar, manya su koma gefe.

Ga kamfani irin namu wannan keɓewa ita ce ƙofar shiga. Wani rahoto da Ma'aikatar Tsaro ta fitar a watan Fabrairun 2022 ya nuna cewa manyan 'yan kwangilar jiragen sama da makamai sun ragu daga 51 a shekarun 1990 zuwa biyar: Lockheed Martin, Raytheon, General Dynamics, Boeing da Northrop Grumman. Ƙananan kamfanonin da ke hulɗa da ma'aikatar kuwa sun ragu da fiye da kashi 40 cikin ɗari a shekara goma. A buɗaɗɗen fili, mutum goma sha ɗaya ba za su kara da waɗannan ba.

To, wane ne ƙarami? Babu mudu ɗaya. SBA ta ba kowace lamba nata ma'aunin. Wasu ana auna su da kuɗin shiga, a ɗauki matsakaicin shekara biyar da suka wuce. Wasu ana auna su da yawan ma'aikata, a ɗauki matsakaicin wata 24. Ga waɗanda suka fi shafar masu fasahar tsaro, kamar yadda suke a jadawalin da ya fara aiki a watan Maris na 2023:

- 541330, aikin injiniya: dala miliyan 25.5, amma idan aikin na kayan soja ne da makamai, dala miliyan 47.
- 541511 da 541512, rubuta manhaja bisa odar mai saye da tsara hanyoyin kwamfuta: dala miliyan 34.
- 513210, masu wallafa manhaja su sayar da lasisinta: dala miliyan 47.
- 541715, binciken kimiyya da injiniya: ma'aikata 1,000.
- 334511, ƙera na'urorin bincike da ganowa: ma'aikata 1,350.
- 336411, ƙera jiragen sama, har da marasa matuƙa: ma'aikata 1,500.

Kamfani mai ma'aikata 300 da ke samun dala miliyan 80 a shekara giwa ne a ƙarƙashin 541511, amma a ƙarƙashin 541715 zomo ne, a rana ɗaya, da ma'aikatan nan dai.

Ga kuma abin da na daɗe ban fahimta ba. Lambar da ke yanke hukunci ba wadda ka zaɓa wa kanka ba ce. Duk takardar neman tayi da gwamnati ta fitar, jami'in kwangila yana sa mata lamba guda, wadda a ganinsa ta fi bayyana ainihin abin da ake son saye, kuma da mudun wannan lamba za a auna duk wanda ya kawo tayi. Lambobin da ka jera a rajistarka allon ƙofar shago ne. Da su ake samunka, da su kai ma kake jin labarin abin da ake nema.

Tuntuɓe na farko

Da aka ba ni aikin gyara rajistarmu, na yi abin da kowane akanta zai yi: na buɗe takardar albashi. Bakwai daga cikinmu manhaja suke rubutawa, saboda haka na zaɓi 541511, na tsaya a kanta ita kaɗai. Na kuma saita faɗakarwar imel ta SAM.gov a kan wannan lamba, na koma ga sauran ayyukana ina ganin na gama.

Kafin gwamnati ta fitar da kwangila, sau da yawa takan fara da wata sanarwa mai kama da cigiya: muna neman mai iya abu kaza, duk mai iyawa ya turo bayanin kansa. Babu kuɗi a ciki, shi ya sa wasu ke raina ta, alhali kuwa da amsoshinta ne jami'in kwangila ke gane ko akwai ƙananan kamfanoni biyu da za a keɓe wa aikin.

Bayan wata takwas, a wani taron masu harkar, wani abokin sana'a ya tambayi shugabanmu me ya sa ba mu amsa wata cigiya ba, wadda aka yi a kan na'ura mai kama da tamu kamar an tsaga kara. Na koma na bincika. An sa mata 334511, don haka imel ɗina bai taɓa kawo ta ba. Jami'in da ya bincika rumbun bayanan ƙananan kamfanoni da wannan lamba shi ma ba zai ga sunanmu ba. Daga baya an fitar da kwangilar a buɗe ga kowa, wani babban kamfani ya ɗauka. Ba zan ce lalle amsarmu za ta sauya lamarin ba, amma ko a ƙirga mu ba a yi ba, kuma ni ne sanadi.

Kuskurena shi ne na bayyana kamfanin da abin da muke yi a cikin ofis. Mai saye kuwa abin da zai karɓa a hannunsa yake kallo. Mu muna ganin kanmu marubuta manhaja, shi kuma akwati yake son saye.

Tuntuɓe na biyu

Wanda maciji ya sara, ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A daren ranar na zauna na ƙara duk lambar da ta ɗan yi kama da mu, ta injiniya, ta sadarwa, ta horar da ma'aikata, ta gyaran kayan lantarki, har da ta ba da shawarar gudanarwa. Na tashi da lamba ashirin da bakwai. Washegari imel ɗina ya cika da tallar kwangilolin da ba su shafe mu ba, har na fara sharewa ba tare da karantawa ba.

Akwai cibiyoyin ba da shawara kyauta ga masu neman kwangilar gwamnati, waɗanda Ma'aikatar Tsaro ke tallafawa, yanzu ana kiransu APEX. A ɗaya daga cikinsu na sadu da wata dattijuwa da ta yi shekaru tana aikin kwangila a gwamnati kafin ta yi ritaya. Ta dubi jerin lambobina ta saman tabarau, ta ce a lokacin da take aiki, idan ta ga kamfanin mutum goma sha biyu da lamba ashirin da bakwai, wucewa take yi, domin ta san ko dai ba su san sana'arsu ba, ko suna neman ta wani. Ta kuma tuna mini cewa kowace lamba a rajistar tana tafe da shaidar cewa mu ƙanana ne ko manya a ƙarƙashinta, kuma shaidar nan da sunana ake bayar da ita.

Sai ta nuna mini hanyar da ya kamata in bi tun farko. Akwai shafin USAspending.gov, inda gwamnati ke baje kwangilolin da ta bayar. A nemo ofisoshin da suka taɓa sayen kaya irin naka, a duba lambar da suka sa wa kowace kwangila. A duba kuma wata alama mai gurbi huɗu da ake kira PSC, wadda ke bayyana shi kansa kayan da aka saya. Ta gargaɗe ni kada in manta da tsofaffin lambobi idan ina tonon baya: kafin kwaskwarimar 2017 yawancin aikin bincike yana ƙarƙashin 541712 ne, kuma 513210 ta masu wallafa manhaja kafin 2022 ita ce 511210.

Na yi kwana biyu ina tono. Kusan duk abin da ya yi kama da namu a ƙarƙashin lambobi uku aka saye shi. Na goge ashirin da biyu, na bar biyar.

Tuntuɓe na uku

A farkon 2023 kuɗi ya yi mana ƙaranci. Wani asusun masu zuba jari ya sayi kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kamfanin, muka yi murna, muka ɗauki sababbin ma'aikata har muka kai goma sha huɗu. A cikin yarjejeniyar an ba wakilin asusun ikon hawa kujerar na ƙi a kan kasafin shekara, da albashin shugabanni, da cin bashi. Na karanta waɗannan sharuɗɗa da idon akanta, na ga ba su da laifi: wanda ya zuba kuɗinsa dole ya sa ido.

A watan Agusta aka fitar da kwangilar da muka daɗe muna jira, keɓaɓɓiya ga ƙananan kamfanoni, ana son na'urori tare da aikin daidaita manhajarsu na tsawon shekaru. An sa mata 541511, aka ba da kwana talatin. Na ga lambar na ji daɗi, domin kuɗin shigarmu bai kai ko kashi ɗaya cikin goma na dala miliyan 34 ba. Injiniyoyi suka duƙufa rubuta tayi. Sai a rana ta goma sha biyu, ina cika takardun shaida, na ci karo da kalmar da ke cewa a haɗa da kamfanonin da ke da dangantaka da namu. Na kira lauyarmu don in kwantar da hankalina. Ta nemi in turo mata yarjejeniyar, bayan awa biyu ta kira ni da muryar da ban so ba.

Dokokin SBA, waɗanda ke sashe na 121 na kundi na 13 na ƙa'idojin tarayya, ba kujerun ofishinka kaɗai suke ƙirgawa ba. Idan wani yana da ikon juya kamfaninka, ko da bai taɓa amfani da ikon ba, ana ɗaukar ku abu ɗaya, a haɗa kuɗinku da ma'aikatanku. Ikon hanawa shi ma iko ne. Mai ƙaramin hannun jari yana iya riƙe damar hana manyan abubuwa, kamar sayar da kamfanin ko rushe shi, ba a ga laifi ba. Amma idan yana iya tare harkokin yau da kullum, irin su kasafi da albashi da bashi, to ya zama mai iko. Asusun nan kuwa yana juya wasu kamfanoni da dama. Da lauyar ta haɗa lissafi, kuɗin shigar ya zarce dala miliyan 34 nesa ba kusa ba. Ma'aikatan kuwa duka-duka ba su kai dubu ba. A ƙarƙashin 334511 mu ƙanana ne. A ƙarƙashin lambar da aka sa wa kwangilar mu manya ne.

Akwai hanyar ƙalubalantar lambar da jami'in kwangila ya sa. Ana ɗaukaka ƙara zuwa ofishin sauraren ƙararraki na SBA, amma cikin kwana goma daga ranar da aka fitar da takardar, ana ƙirgawa har da Asabar da Lahadi. A lissafina kuɗin na'urorin ya ɗan ɗara na manhaja, don haka muna da abin faɗa. Sai dai kwana goman sun wuce da biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mun rubuta wa jami'ar kwangilar muna roƙon ta sake dubawa, ta amsa cikin ladabi cewa idan aka haɗa shekarun ƙari da ke cikin kwangilar, aikin manhaja ne ya fi nauyi. Hujjarta ba ta rasa tushe ba, kuma ofishin ƙararrakin ba ya soke lamba sai an nuna masa kuskure bayyananne. Wataƙila ko mun shigar da ƙara da mun faɗi. Amma ban ba mu damar gwadawa ba.

Shugabanmu, mutumin kirki wanda ya jinginar da gidansa domin kamfanin nan, ya shigo ofishina ya rufe ƙofa. Ya ce in tashi in je in ƙirga kujeru, mu goma sha huɗu ne, wane mai hankali ne zai kira mu babban kamfani? Ya ce asusun bai taɓa hana mu ko sayen biro ba. Duk gaskiya ya faɗa. Na ce masa doka ba ta tambayi ko sun taɓa hanawa ba, ta tambayi ko suna iyawa ne.

Na kuma faɗa masa abin da lauyar ta karanta mini. Idan aka sanar da wanda ya yi nasara, abokan takara suna da kwana biyar na aiki su ƙalubalanci girmansa, SBA kuma ta nemi takardunsa, har da yarjejeniyar masu jari. Tun daga dokar 2010, wanda ya ci keɓaɓɓiyar kwangila ta hanyar ƙaryata girmansa da gangan, ana ɗauka gwamnati ta yi asarar dukan kuɗin kwangilar, ko da ya yi aikin da kyau. Dokar da'awar ƙarya, wadda ta samo asali tun 1863, zamanin yaƙin basasa da shugaba Lincoln, tana ba da damar ninka asarar sau uku. Hukuncin laifin kuma yana iya kai tarar dala 500,000 da ɗaurin shekara goma. Kafin kiran lauyar, da na sa hannu, kuskure ne. Bayan kiranta kuwa ganganci ne. Ban daɗe da karɓar takardar zama ɗan ƙasa ba, kuma ba zan ɓoye cewa tsoro yana cikin abin da ya riƙe hannuna ba. Na ce ba zan sa hannu ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ana auna girman kamfani ne a ranar da ya miƙa tayinsa mai ɗauke da farashi, saboda haka da an cire sharuɗɗan nan kafin ranar da mun tsira. Mun nema. Lauyoyin asusun ba su ƙi ba, amma sai da suka yi wata biyu kafin aka daidaita, wa'adin kuwa kwana goma sha takwas ya rage. A ƙarshe muka je wurin wani ƙaramin kamfanin manhaja, suka shiga takarar da sunansu, mu kuma muka zama masu kawo musu na'urori. Yarjejeniyar da ke tsakaninmu tana da tata lambar, 334511, inda muke ƙanana ba tantama. Sun yi nasara, mun sayar da akwatunanmu. Amma aikin manhaja na shekaru, wanda muka ɗauki sababbin mutane dominsa, ya tafi wurinsu. A watan Disamba muka sallami marubuta manhaja biyu. Ni na lissafa musu haƙƙinsu na ƙarshe, ni kuma na miƙa musu takardun.

Abin da nake dubawa yanzu

Duk ranar da aka fitar da takardar neman tayi da ta shafe mu, kafin kowa ya karanta bayanin fasahar, ina duba lambarta da ma'auninta, in rubuta ranar da kwana goma za su cika a allon ofis. Idan ina ganin lambar ba ta dace ba, tun a matakin cigiya ko na daftari nake faɗa, domin a lokacin jami'in kwangila ya fi saurin saurare. Ina kuma buɗe jadawalin SBA na ranar, domin ma'aunan suna sauyawa, kuma alƙaluman da na kawo a sama na 2023 ne.

Ina tambayar kaina ko kwangilar ta kaya ce ko ta aiki, domin lambar ce ke nuna haka, kuma kowace da ƙa'idarta. A keɓaɓɓiyar kwangilar aiki, ƙaramin kamfani ba zai biya fiye da rabin kuɗin ga waɗanda ba ƙanana irinsa ba. A ta kaya kuwa, ko dai kai ne maƙerin, wato a wurinka ake ainihin aikin mayar da sassa su zama kayan, ko kuma ka cika sharuɗɗan dillali: ma'aikatanka kada su wuce 500, kayan kuma su zama na ƙaramin maƙeri ne a cikin Amurka, sai fa idan SBA ta ɗage sharaɗin. Wanda ke sayo na'ura daga waje ya manna mata sunansa bai zama maƙeri ba don ya rubuta 334511 a rajistarsa.

Duk takardar da za ta ba wani iko a kamfanin, ta mai jari ce, ko ta mai ba da bashi, ko ta abokin haɗin gwiwa, sai lauyar da ta san dokokin SBA ta gani kafin a sa hannu. Lauyan da ya duba mana yarjejeniyar farko gwani ne a harkar jari, amma ba wanda ya tambaye shi wannan tambaya. Sau ɗaya a shekara kuma, idan lokacin sabunta rajista ya yi, ina zama da shugabanmu mu duba daga ina kuɗin ya fi shigowa, mu ga ko babbar lambarmu tana nan daidai da gaskiya.

A sabuntawar da ta biyo bayan wannan al'amari, sayar da na'urori ne ya fi kawo mana kuɗi, sai na mayar da 334511 babbar lambarmu. Da na kira gida na ba mahaifina labarin gaba ɗaya, na ce masa, "Baba, ku kuka yi gaskiya. Duk wanda ya tambaye ku, ku ce masa maƙera ne."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Su yaran nan biyu fa?"

Na ce ɗaya ya dawo wurinmu da aiki ya samu. Ɗayar kuma ta koma ɗaya daga cikin manyan kamfanonin nan biyar, tana samun albashin da ya fi namu, amma ba ta amsa saƙon da na aika mata ba.

Ya ce, "Ka sake aika mata."